Tambaya da Amsa: Yayana Tsohon Soja Ya Rasu, Me Zan Faɗa wa 'Ya'yanshi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni malamar firamare ce a nan cikin garin Katsina, kuma akwai abin da ya tsaya mani a rai tun bayan rasuwar yayana, wanda duk gidanmu muke ce wa Yaya Soja. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ya rasu kafin azumin da ya wuce bayan 'yar gajeruwar jinya, aka kai shi maƙabartar Ɗan Marna.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da ɗan albashinshi na ƙaramin soja ya saya mani akwati da katifa da bokiti na tafi makarantar kwana, kuma shi ya yi mani kayan ɗaki da aurena ya tashi. Ya je Laberiya da rundunar ECOMOG ta kiyaye zaman lafiya, ya dawo, aka sake tura shi Saliyo. Ya yi ritaya da igiya uku, ya dawo gida ya buɗe 'yar tireda a ƙofar gida, yana kiwon tumaki. Mutum ne mai raha. Da yamma yaran unguwa kan taru ya jera su ya ba su fareti, in sun gama ya raba masu alawa. Amma bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. In an matsa mashi sai ya ce, "An je, an dawo, alhamdu lillahi."

Akwai abin da na sani wanda yaranshi ba su sani ba. Da ya dawo daga Laberiya, cikin dare muna jin ihunshi daga ɗakin zaure, sai Inna ta tashi ta je ta yi mashi tofi. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Bai sake yanka ragon layya da hannunshi ba, sai dai ya wakilta limamin unguwa, shi kuma ya shige ɗaki har a gama fiɗa. Kallon hawan sallah a Ƙofar Soro, da yake ɗaukata a wuya mu je ina ƙarama, ya daina zuwa saboda ƙarar bindigogin gargajiya.

Da aka buɗe adakarshi an samu kakinshi, lambobin yabo, hotuna, takardar sallama, da wani ɗan littafi cike da sunayen mutane da garuruwansu, wasu an ja masu layi. Babban ɗanshi ya rubuta dogon yabo zai sa a Facebook, har yana cewa babanshi shi kaɗai ya fatattaki 'yan tawaye a wata gada, abin da ba wanda ya taɓa ji a gidanmu. Kawunmu kuma ya ce a ƙona kakin da littafin duka, don zamani ya lalace. Ni ina son yaran su san ubansu na gaskiya, amma ina tsoron kada in tona asirin mamaci. Me kake gani?

Ƙanwar Soja, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya jiƙan Yaya Soja, Ya yafe mashi kurakuranshi, Ya ba ku haƙurin rashi, ke da iyalinshi. Wan da ya tsaya a matsayin uba, rashinshi maraici ne na biyu, ko da mutum ya yi furfura.

Bari in fara da tsoron da kika ambata a ƙarshe, don shi ya ɗaure maki hannu. Abin da addini ya hana shi ne a zagi mamaci, ko a bankaɗo laifin da Allah Ya rufa mashi. To ki sake duba abin da kika lissafa mani: ihu cikin barci, ƙin ba ƙofa baya, kasa riƙe wuƙar layya, gudun ƙarar bindiga. Wanne ne laifi a ciki? Da a ce harsashi ne ya same shi a cinya ya dawo yana ɗingishi, ba mai cewa a ɓoye wa yaran dalilin ɗingishin. Wannan ma rauni ne, sai dai ya same shi inda ido ba ya kaiwa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da saninshi. Ciwon firgici ne da kan biyo bayan ganin masifa, kuma alamominshi su ne waɗanda kika gani: mugun mafarki, zabura, da kauce wa duk abin da zai tuno da abin da ya faru. A garuruwanmu dai sai ka ji ana raɗa, wai soja ya dawo da iska, ko ya taɓu, ko a ce ƙwaya ce. Wannan raɗar ce ta kulle bakin tsofaffin sojoji da dama, ba rashin abin faɗa ba.

Ya kamata ke da yaran ku san inda aka tura shi, don shirun nashi ya yi maku ma'ana. A ƙarshen Disambar 1989 Charles Taylor ya tsallako da mayaƙanshi daga Kwaddibuwa ya shiga Laberiya don ya kifar da Shugaba Samuel Doe. A watan Agustan 1990 ƙungiyar ECOWAS ta haɗa rundunar ECOMOG da sojojin Nijeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya, kuma Nijeriya ce ta ɗauki kaso mafi tsoka na mutane da na kuɗi, zamanin mulkin Janar Babangida. Da sunan kiyaye zaman lafiya suka tafi, amma tun a tashar jiragen ruwan Monrobiya aka tarbe su da wuta. A watan Satumba mutanen Prince Johnson, wani madugun 'yan tawayen, suka kama Doe a hedikwatar rundunar kanta, suka tafi da shi suka kashe, daga nan ragamar rundunar ta koma hannun Janar Joshua Dogonyaro na Nijeriya. A Oktoban 1992 Taylor ya kawo wa Monrobiya babban farmaki, aka yi makonni ana gwabzawa a unguwannin gefen birni da cikin fadamu. Saliyo kuwa, sojoji sun hamɓarar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah a Mayun 1997, ECOMOG ta kore su daga Firitawun a Fabrairun 1998 aka maido shi kan mulki, sannan ranar 6 ga Janairun 1999 'yan tawaye suka sake kutsawa cikin birnin, suka ƙona gidaje, suka yi ta yanke wa fararen hula hannuwa.

'Yan ECOMOG ɗin da na zauna da su, za su ba ka labarin yunwa da sauro da ruwan sama suna dariya. Inda hira ke mutuwa shi ne in an zo maganar yara. A duka ƙasashen biyu 'yan tawaye sun ɗora wa ƙananan yara bindiga, wasunsu ba su wuce na ajin da kike koyarwa ba, a ɗirka masu ƙwaya a turo su gaba. Ki ƙaddara mutumin da ya bar ƙanwa ƙarama a Katsina, yana tsaye a shingen bincike, ga yaro ya nufo shi da bindigar da ta kusa kai tsawonshi. Ko ya harba ko bai harba ba, ba zai koma yadda yake da ba. Ki riƙe wannan a ranki ki sake tuna faretin yaran unguwa da rabon alawar nan.

Ɗan naki kuwa, kada ki yi mashi faɗa. So ne da maraici. Yaro ya taso yana ganin ubanshi yana ƙulla sukari da gishiri a leda, yana son duniya ta san ba nan tsohon ya fara ba. Amma labarin gada dole a cire shi. Abokan aikin uban suna raye, wasunsu suna kan Facebook ɗin, kuma ba abin da ke ɓata wa soja rai irin a ce mutum ɗaya ya ci yaƙi, alhali ya san waɗanda aka bari a can. Ranar da ɗayansu ya rubuta a ƙasa cewa ba a yi haka ba, gaskiyar da ke cikin rubutun ma ta zube. Bayan haka, marigayin da bakinshi ya ƙi yabon kai yana raye, ba daidai ba ne a yi mashi shi bayan ba ya iya cewa a'a. Ki ba yaron abin da zai cike gurbin. Ya rubuta unguwar da aka haife shi da makarantar allon da ya yi, shekarar da ya shiga makarantar horar da kurata ta Zariya, barikokin da ya zauna, ƙasashen da ya je, muƙamin da ya yi ritaya da shi. Sannan ki ba shi labarin akwati da katifa da bokiti, ki faɗa mashi abin da ƙaramin soja ke ɗauka a wata a lokacin, ya yi lissafin da kanshi. Ni a wurina wannan ya fi gada nauyi, kuma yana da shaida, ga ki nan.

Maganar darare da ihu ba ta Facebook ba ce, ta cikin gida ce. Kuma kafin ki buɗe baki ki fara zama da uwarsu, don ita ta kwana kusa da shi shekara da shekaru, ta fi ki sanin dararen nan. In ta amince, ku tara manyan yaran, mata da maza, ku faɗa masu a tsanake. Zai yiwu ku tarar sun daɗe da lura, fassara ce kawai ba su da ita. Wani yaron ya girma yana zaton ubanshi ba ya son shi ne don ya taɓa daka mashi tsawa da ya taɓa shi yana barci.

Sai littafin. Kawu ya yi haƙuri, wannan ba abin ƙonawa ba ne, shi ne ma mafi daraja a cikin adakar. Sojoji a fagen daga kan rubuta wa juna sunan gari da unguwa, don wanda ya tsira ya kai saƙo gidan wanda bai tsira ba, saboda haka layin da aka ja wa wasu sunaye kina iya hasashen ma'anarshi. Ki ɗauki babban ɗan ku je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta jiha. Ku riƙe goro, ku gaisa, ku faɗi lambarshi ta soja da bataliyarshi, ku karanta masu sunayen. Da wuya ku tashi ba a samu wanda zai ce ya san wane ba, ko ya ce wane yana Funtuwa, wane yana Zuru, ga lambar ɗanshi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma abin da Yaya Soja ya ƙi faɗa a kan kanshi, abokinshi zai faɗa a kanshi. Cikin sunayen za ku ga Yarabawa da Tibi da Bacama, Musulmi da Kirista. Ku neme su duka, kwano ɗaya suka ci da shi. Wannan ziyara kuma ba yawon neman labari kaɗai ba ce. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta, kuma ya sanya sada zumunta da abokan uba cikin mafi girman biyayyar ɗa. In kun ga adadin kuɗi a gefen wani suna, ku bincika, don zai iya zama bashi ko amana, kuma bashi shi ake fara fitarwa kafin rabon gado.

Abin da ya sa nake gaggauta ki shi ne na ga yadda ta ƙare da na gabansu. Wan mahaifina yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Boma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yaƙi Japanawa tsakanin 1943 da 1945. Ina tuna shi ranar Juma'a da hantsi a zaure, ya ɗebo toka a marfin gwangwani, ya matsa lemun tsami a kai, ya dangwala da tsumma yana goge lambarshi har sai ta ɗauki ido, sannan ya maƙala ta a ƙirjin babbar riga ya nufi masallaci. In mun dame shi sai ya ɗage wando ya nuna mamu tabon matsattsaku a ƙwaurinshi, ya ce a ka suke ɗaukar kaya su hau duwatsu don ba hanyar mota, kuma ruwan can ba ya ɗaukewa. Ya rasu ina yaro. Yau duk zuriyarmu ba mai iya faɗa maki bataliyarshi, ko inda lambar nan ta shiga. Wuraren da suka yi yaƙin suna nan rubuce a ƙofar barikoki, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Dalet a Kaduna. Mutanen ne suka ɓace. 'Yan ECOMOG na farko yanzu akasarinsu sun ba sittin baya, ga ciwon suga ga hawan jini.

Akwai kuma abin da ba lalle ya yi maki daɗi ba. Adakar nan gado ce. Tunda ya bar ɗa namiji, ke ba ki da rabo a shari'a, kawu ma haka. Magada su ne matarshi mai tumuni, da Inna in tana raye mai sudusi, sai 'ya'yanshi su raba abin da ya rage. Don haka kawu ba shi da ikon ƙonawa, ke ma ba ki da ikon ɗauka, shawara da roƙo ne naku. Abin da zan so magadan su yarda da shi shi ne kada a rarraba takardu da lambobi da hotuna, wannan ya ɗauki ɗaya wancan ya ɗauki ɗaya. A bar su wuri guda a hannun wanda ya fi kowa adana, a ɗauki hoton kowace takarda da kowane shafi na littafin da waya, a tura wa kowa.

Kakin kam, kawu yana da gaskiya a tsoronshi. Doka ta hana farar hula sa kakin soja, kuma duk mun san su waye ke yawo da shi a dazukan Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya. Kada ya shiga cikin tufafin mamaci da aka saba bayarwa sadaka, don daga nan gwanjo zai nufa, kuma kada wani saurayi a gidan ya sa shi ya ɗauki hoto. Ku ɗauki hotonshi a shimfiɗe, ku cire igiyoyin da ƙyallen sunanshi ku adana, sauran ku miƙa ta hannun ƙungiyar tsofaffin sojoji ko a barikin Natsinta, ku karɓi takardar shaidar kun miƙa. In kun ga harsashi a ƙasan adakar, kada kowa ya sa shi aljihu ya fita, a sanar da hukuma ta zo ta ɗauka.

Ba ki tambayi fansho ba, amma zan sa baki. A karɓi takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a sanar da Hukumar Fansho ta Soja da ke Dutse-Alhaji a Abuja, a tambaye ta a rubuce abin da iyalin ke da haƙƙi a kai. A duba sunan wa ya sa a fayil ɗinshi a matsayin magaji, don soja kan cike wannan gurbi tun yana gwauro, ya sa uba ko ƙane, ya yi aure ya haifi 'ya'ya bai canja ba. Ko sunan wa aka tarar, wakilin karɓa ne kawai, rabo na shari'a ne. Kuɗin fanshon da ya shiga asusunshi bayan rasuwa kada a taɓa sai an ji hukuncinshi. Duk wanda kuma ya zo ya ce ya san wani a Abuja, ku ba shi kwafi, takardun asali su kwana gida.

Ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Za a yi fareti, manya su ajiye furanni, a saki tattabaru. Ban hana kowa zuwa ba, amma furen bai san sunan yayanki ba. Amfanin ranar a wurinki shi ne makon ne tsofaffin sojoji suka fi taruwa, har na ƙauyuka, kowa da hularshi da lambobinshi. In ba ku samu wanda kuke nema ba kafin nan, ku je da littafin. Sadaka kuwa, bayan addu'a da ba ta da rana, ki tambayi ƙungiyar ko akwai marainiyar soja da ta ci makarantar kwana ba ta da kayan tafiya. Kin san abin da za ki saya.

TAMBAYA

Baba Malam, barka da ƙoƙari. Mu namu tsohon yana raye, ya doshi tamanin, ya yi yaƙin basasa. Yakan ɗan taɓa labari in yana cikin nishaɗi, amma da ya ga waya a hannuna sai ya yi gum. Ko in ɗauki muryarshi ba da saninshi ba?

Ɗan tsohon soja, Daura

AMSA

A'a, ɗana. Ranar da ya gane, ka rufe ƙofar ke nan har abada, kuma maganar da mutum bai yarda a ɗauka ba amana ce. Ka faɗa mashi gaskiya, ka ce jikokinshi kake ajiye wa, kuma ba za ta fita daga gida ba sai da izininshi. Sannan ka daina zama gabanshi kamar ɗan jarida. Ka gayyato wani tsaranshi da suka yi aikin tare, bayan la'asar, ka dama masu fura, ka kife wayar a gefen tabarma ka koma gefe. Tsofaffi biyu in suka fara gardamar wa ya riga wa shiga soja, ba ka buƙatar tambaya.

In dole sai ka tambaya, ka fara daga gida. Wa ya kai shi aka ɗauke shi, ubanshi ya sani ko guduwa ya yi, wace mota ta kai shi Kano, nawa ne albashinshi na farko, me ya fara saya. Daga nan ka tambayi rundunarshi: ta ɗaya ta Muhammadu Shuwa da ta kama Inugu a Oktoban 1967, ko ta biyu ta Murtala Muhammed, ko ta uku ta Benjamin Adekunle da ta bi ta gaɓar teku. In ya ce ta biyu, kada ka yi saurin ambaton tsallaka Kwara zuwa Anaca ko kwanton ɓaunar Abagana na 1968, an rasa mutane da yawa a wuraren nan, bar shi ya kai kanshi can in ya ga dama. In ya ce kashe, ka kashe, ka nuna mashi ka kashe. Abin da ka samu kuma ka tura wa ƙannenka a ranar, kada ya kwana a waya ɗaya.